Inuwar da Ake Shafawa

A Pakokku, tun zakara bai gama gardama da asuba ba,
kakata Daw Sein Hmyin na durƙushe gaban dutsenta,
faifan dutse mai 'yar kwata zagaye da baki.
Ɗigo uku na ruwa. Guntun icen tanaka a hannu.
Ƙurr, ƙurr, ɓawo na cin dutse, dutse na cin ɓawo,
har kunun ya taru,
launin madarar da kurkum ya ratsa ta gefe.

Wannan ƙara ce agogona.
Takan kama haɓata, ta zana mini wata biyu a kumatu,
siririn layi a karan hanci,
ta ce, "Je ki, Nyein Phyu,
rana ta gan ki ta sunkuyar da kai."

Shekara ashirin ta wuce. Ga ni a Yangon cikin farar riga,
ɗaki mai sanyin da ba na Allah ba,
kwalabe jere kamar 'yan makaranta ranar duba farce.
Na daka ɓawon, na jiƙa, na tace,
na ɗiga shi a ruwa shunayya
wanda muke auna tsatsar jiki da shi.
Ai jiki ma yana tsatsa:
iskar da ke cin bakin fartanya,
mai baƙanta yankakkiyar ayaba a faranti,
ita ke lasar fata a hankali, ba sallama.
Shunayya ya tsaya, ya yi shawara, ya ja da baya,
ya koma rawaya.
Na rubuta lamba, alƙalamin na rawa.

Gwaji na biyu, kan marinin nan na ɓoye
da ke zaune ƙarƙashin fata yana juya baba.
Ruwan ɓawon ya rage masa hanzari.
Kaɗan.
Na maimaita sau tara. Kaɗan ɗin dai.

Mai kamfani, U Thaung Nyunt, ya shigo da ƙamshin turare,
da kwalba an riga an raɗa mata suna:
Fari Cikin Kwana Bakwai.
Ya ce, "A kasuwa, kaɗan da yawa uwarsu ɗaya.
Sa hannu a nan."

Na hau motar dare, na ƙetare Ayeyarwady kan doguwar gada.
Na same ta a gonar riɗi, gindin giginya,
kumatunta fari fat, wuyanta baƙi wuluk.
Na karanta mata rubutun kwalbar.
Ta yi dariya har tabar da ta naɗe a ɓawon masara
ta kuɓuce ta faɗi a kunya.

"Shekara saba'in ina shafawa. Dube ni:
tukunyar ƙasa da ta ƙoshi da wuta.
In fari yake sawa, da tuni an kaɗa ni an yi zare.
Inuwa ce, yarinya.
Itace ya tsaya shekara talatin a rana bai gudu ba,
ya koyi abin da ya koya, ya adana a ɓawo.
Mu aro muke yi, da yamma mu wanke mu mayar.
Wa ya ce miki inuwa na sauya wanda ya fake?"

Na koma na rubuta iya abin da kwalabe suka shaida:
yana sanyaya, yana karewa,
yana dusashe tabo in an ba shi lokaci.
Nan na diga aya.

Mako uku ke nan U Thaung Nyunt bai amsa ba.
Albashina ma ya yi shiru.

Dutsen kuwa ta cusa mini a jaka ban sani ba,
na yi ta zagin nauyi har tasha.
Yanzu yana hawa na huɗu, gefen taga.
Maƙwabcina na ƙasa ya hau sama jiya, ido jajir,
yana tambayar wane ɓera ne
ke gurgurar bene kullum da asuba.